An ba ni damar zuwa Uganda koyar da yara kurame, zango ɗaya zan yi ko shekara biyu?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema. Wata ƙungiya mai tura malamai aikin sa-kai ta karɓi takarduna, za ta kai ni wata makarantar kwana ta yara kurame a Uganda. Zaɓi biyu suka ba ni: in yi zangon karatu ɗaya in dawo, ko in sa hannu a kan shekara biyu. Babu albashi, sai masauki da ɗan kuɗin kashewa. Na karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman, kuma na iya maganar hannu irin wadda aka koya mana a kwaleji, mai tushe daga ta Amurka. Hankalina ya fi kwanciya da zango ɗaya saboda gida da aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata uku zai amfani yaran kuwa? Waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya, da 'yan uwanmu kurame da ke zauren nan, don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Nura:
Wa alaikumus salam. Malama ki tafi, kada ki tsaya dogon tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da matsalar ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na masu wannan matsala a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ina malaman da za su wadace su? Da babu gara ba daɗi. Kin iya maganar hannu, kina da takarda, kina da niyya. Allah ya ba ki lada.

Malam Isa:
Malam Nura niyyarka mai kyau ce, amma ka tsallake abu mafi girma. Ni kurma ne. Sanƙarau ya ɗauke mini ji ina ƙarami, a makarantar kwana ta kurame na tashi, yanzu kuma ina koyarwa a irinta. Saboda haka zan yi magana a matsayin wanda aka zo wa aikin sa-kai, ba wanda ya je ba.

Da farko, Malama Hauwa'u ba ta iya harshen yaran da za ta je wa ba. Ba raini ba ne, haka abin yake. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, sun haura 300. Kurman Ingila da na Amurka, duk da ƙasashen biyu Turanci suke yi, in sun haɗu ba sa gane juna kai tsaye. Ko haruffa ma, na Ingila da hannu biyu suke nuna su, na Amurka da hannu ɗaya. Uganda tana da nata harshen, kuma kundin tsarin mulkinsu ya ambace shi tun 1995, suna cikin ƙasashen farko da suka yi haka a duniya. Suna alfahari da wannan, kuma sun cancanta.

Na biyu, ku bar ni in faɗi yadda abin yake a idon yaro. Baƙuwa ta zo, fuskarta a sake, ta kawo littattafai masu hoto. Mako huɗun farko mu ne muke koya mata. Mu ke nuna mata alamar ruwa, alamar jarrabawa, alamar "ban gane ba". Muna ba ta sunan hannu, domin mu ke raɗa wa mutum suna, ba shi ke zaɓar wa kansa ba. Daidai lokacin da hannunta ya fara sakewa har muna iya hira da ita, sai a ce gobe za ta tafi. Yaron da a gidansu babu mai iya yi masa magana, ya samu babba guda da ke tsayawa ya kalle shi har ya gama, sai wannan babban ya ɓace. Zango na gaba wata ta zo, a sake daga farko. Na ga yaran da suka daina kula baƙi gaba ɗaya saboda wannan.

Nura:
Malam Isa na ji, kuma na girmama maganarka. To amma in kowa ya ce sai ya ƙware kafin ya je, wa zai je? Ai a can ake ƙwarewa.

Malam Isa:
A can ake ƙwarewa, gaskiya ne. Amma a kan lokacin wa? Yaron da ya shiga makaranta yana da shekara tara ko goma bai taɓa mallakar harshe ko ɗaya ba, kowane wata nasa yana da tsada. Bai kamata darasinsa na lissafi ya zama ajin koyon harshe na malamarsa ba.

Maman Fahad:
Wannan magana ta Malam Isa ta taɓa ni. Ɗana kurma ne, ni da mahaifinsa muna ji, kuma haka yawancin gidaje suke, fiye da tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne. Sai da ya fara makaranta na gane ashe duk shekarun nan umarni kawai nake ba shi da hannu: zo, ci, kwanta, bari. Ban taɓa ba shi labari ba. Ban taɓa gaya masa dalilin abu ba. Yanzu ina koyo, ina samu. Don haka ƙanwata Hauwa'u, abin da zan tambaye ki shi ne, in kin je, iyayen yaran suna cikin shirin ko kuwa aji kawai? Domin yaron makarantar kwana in ya koma hutu, gida yake komawa inda ba mai amsa masa.

Malam Garba:
Salamu alaikum. 'Yata Hauwa'u, na daɗe a wannan aiki har na yi ritaya, bari in sa baki da ɗan tarihi, domin tambayarki tsohuwa ce.

Ilimin kurame kansa malaman da suka bar ƙasarsu ne suka yaɗa shi. A 1816 wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, ya bi wani Ba'amurke, Thomas Gallaudet, zuwa Amurka, suka buɗe makaranta a Hartford a 1817. Alamun Faransa da ya zo da su suka cakuɗu da waɗanda yaran suka zo da su daga garuruwansu, daga nan harshen hannu na Amurka ya samu. Clerc bai koma ya zauna gida ba, a can ya ƙare rayuwarsa.

Mu kuma a Afirka akwai Andrew Foster. Baƙar fata ne ɗan Amurka, shi ma sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya samu digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka, a 1954. Ya sauka Gana a 1957, ya buɗe makaranta, ya zo Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashe 13. Maganar hannun da kika ce an koya miki a kwaleji, ki bi sawunta, za ki tarar da shi a hanya. Har ƙasashen da ke amfani da Faransanci, da yawansu alamun makarantunsu daga na Amurka suka samo asali, domin ya horar da malamansu.

Me ya sa aikin waɗannan mutum biyu ya ɗore? Dukansu kurame ne. Dukansu sun zauna. Dukansu kuma sun fi ba da ƙarfi wajen yaye malamai 'yan ƙasa. Ba na cikin masu cewa baƙo ba shi da amfani, ni kaina ɗalibin ɗaliban baƙo ne. Amma irin baƙon da ya yi amfani, ga kamanninsa nan.

Malam Isa:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba mai musun alherin Foster, mu da muka yi karatu albarkacinsa ne. Amma ku yarda a faɗi ɗaya gefen. Kafin makarantu su zo, kurame suna da harsunansu. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe, inda kurame suke da yawa tun kaka da kakanni, suna da harshen hannu nasu na kansu, har masu ji na garin suna yin sa. Yaransu da suka tafi makarantar kwana sun dawo da harshen makaranta, na gida kuma yana ta ja baya, yanzu yana cikin haɗarin ɓacewa. Ba wanda ya yi niyyar kashe shi. Harshen da ya zo da allo da takardar shaida ne ya danne wanda ba shi da su. Wannan ne tsorona game da malami mai zuwa da alamun waje: ko bai ce naku ba daidai ba ne, yara za su ɗauka na malami ne na ilimi.

Malam Garba:
Na yarda da kai Malam Isa, kuma ba yau na fara jin wannan ƙorafi ba. Sai dai ka tuna zamanin da Foster ya zo. Tun taron malaman kurame na duniya da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, inda kusan dukan mahalarta masu ji ne, aka yanke cewa a koyar da kurame da baki kawai, a hana hannu. An kori malamai kurame daga aji a ƙasashe da dama, an hukunta yara don sun ɗaga hannu. Sai a 2010, a taron Vancouver ta Kanada, magadan wancan taro suka fito fili suka yi watsi da wannan hukunci. Mutumin da ya zo a 1957 ya ce yaro kurma a koyar da shi da hannu, ya yi gaba da zamaninsa. Laifin da za a ga namu ne in muka maimaita abin a yau, bayan an rubuta ƙamus na harsunan ƙasashe, an kafa ƙungiyoyin kurame, an san abin da ba a sani ba a da.

Binta:
Ni na yi shekara biyun, a Kenya, don haka bari in faɗi abin da na gani. Yaya Hauwa'u, watannin farko ba ni da aji nawa. Haka aka tsara, kuma shi ne abin da ya fi kyau a tsarin. An haɗa ni da wani malami kurma, ina zama a bayan ajinsa ina kallo, da yamma kuma in zauna da manyan ɗalibai mata. Harshen aji daban, na ɗakin kwana daban. Na ɗakin kwana shi ne na gaske, da sauri, da barkwanci, da faɗa. Ranar da na fara gane faɗan yara biyu ba tare da an fassara mini ba, ranar malamin ya ce in karɓi darasi.

Abin da kwaleji ba ta nuna mana sosai ba shi ne nahawun yana fuska. Gira, kumatu, karkatar kai, inda ka ajiye mutum a sarari sannan ka koma ka nuna shi. In kika bi jimlar Turanci kalma bayan kalma kina ɗora wa kowace alama, yara za su gyaɗa kai don ladabi, amma ki ce su maimaita miki abin da kika faɗa ki gani. Da yawa daga malamai masu ji, har 'yan ƙasar, a nan suke tsayawa shekara da shekaru.

A Kenya kundin tsarin mulki na 2010 ya sa harshen hannunsu cikin harsunan majalisa, kuma ana rubuta jarrabawar ƙasa a kansa. Wato ba wurin da babu komai za ki je ba. Uganda ma haka, suna da ƙungiyar kurame ta ƙasa, kuma jami'ar Kyambogo tana horar da tafintoci da malaman wannan fanni. Ki shiga a matsayin wadda ta tarar da aiki ana yi.

Game da zaɓinki: shekarata ta biyu ce ta yi amfani. Ta farko na karɓa, ta biyu na bayar.

Hauwa'u:
Binta na gode ƙwarai. To ke da kika yi, in da zango ɗaya kawai aka ba ki, za ki je?

Binta:
Zan je, amma ba zan karɓi aji ba. Zan tambayi malaman abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya wanda ba ya buƙatar ƙwarewar harshe. Haɗa kayan koyarwa na gani, shirya ɗakin karatu, ɗaukar bidiyon labarai da malamai kurame ke bayarwa da harshensu don su zauna a makaranta, taimaka wa malami tsara darasin kimiyya shi kuma ya gabatar. Wannan aiki ne na gaske, kuma ranar da kika tafi ba ajin da zai zama maraya.

Anti Zainab:
Ku ba ni wuri in yi magana a kan rabin da aka manta. Tun ɗazu kurame ake ta faɗa, alhali Hauwa'u za ta tarar da yara masu raunin ji, waɗanda suke ji kaɗan, wasu ma suna magana. Aikina gwajin ji ne, kuma waɗannan yara su ne suka fi faɗawa tsakani. A makarantar masu ji ana ce musu marasa hankali ko masu taurin kai, a ta kurame kuma ana barin sauran jin da suke da shi ya tafi a banza.

Roƙona na farko ga duk mai tafiya: kada ki tara na'urorin ƙara ji na kyauta ki zuba a jaka ki kai. Na san mutane suna yi da kyakkyawar zuciya. Na'urar ji ba ta aiki sai an gwada kunnen yaron an saita ta daidai da irin rashin jinsa. In ta yi ƙarfi da yawa za ta dame shi, har ta iya ƙara lalata abin da ya rage. Robar da ke shiga kunne kuma da siffar kunnensa ake yin ta, yana girma tana sakewa, sai na'urar ta riƙa fito, sai an yi sabuwa. Batir yana ƙarewa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Gumi da laima suna kashe ta. Duk inda babu mai gwaji, babu batir, babu mai gyara, bayan wata shida za ki same su a aljihun teburin shugaban makaranta.

Abin da za ki iya koya kafin ki tafi, kuma ki bar wa malamai, shi ne duba na'ura kowace safiya. Akwai gwajin sauti shida na Ling: mm, uu, aa, ii, sh, ss. Ki kare bakinki kada ya ga leɓenki, ki furta, yaro ya nuna ya ji. Minti biyu ne, amma yana gaya miki ko na'urar tana aiki a ranar. Sannan ki lura da kunne mai zubar da mugunya. Wannan ba na malami ba ne, asibiti za a kai shi, kuma yana cikin abubuwan da ake magancewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara ana iya kauce masa, ta hanyar rigakafin ƙyanda da hangum da sanƙarau, da kula da haihuwa da shawarar jarirai, da taka-tsantsan da wasu allurai irin su jentamaisin.

Malam Isa:
Anti Zainab ban ƙi ko ɗaya ba, sai dai ina da sharaɗi. Kada na'ura ta zama dalilin hana yaro hannu. Na ga iyayen da aka ce musu in ya koyi alama ba zai yi magana ba, suka hana shi, suka jira baki shekara biyar, bakin bai zo ba, hannun ma an rasa. Karatun leɓe kuma da ake ta yabo, ku tsaya gaban madubi ku ce ba, ku ce ma, ku gani ko akwai bambanci. Yawancinsa cinta ne, kuma yana gajiyar da mutum ƙwarai.

Anti Zainab:
A nan bakinmu ɗaya, Malam. Ban taɓa ce wa uwa ta hana ɗanta alama ba. Shekarun farko na rayuwa su ne na kafuwar harshe a ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta damu ta ido ya shigo ko ta kunne ba. Shi ya sa inda ake da hali ake gwada jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Yaron da ya samu hannu da wuri yana da abin da zai ɗora karatu da rubutu a kai, har maganar bakin ma in zai yi. Inda muka ɗan saba shi ne, ni ina ganin yaron da ke da sauran ji haƙƙinsa ne a ba shi duka biyun, kuma makarantun kurame da yawa ba sa yi.

Maman Fahad:
Allah ya saka muku. Da na ji wannan tun ɗana yana goye, da abubuwa da yawa sun zo mana da sauƙi.

Nura:
Na karanta duka, na kuma sauko daga inda na fara, amma ba gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin muna ɗora wa mai son alheri kaya masu nauyi. Malaman da ake biya albashi ma da yawansu ba su iya harshen ba, kamar yadda Binta ta faɗa. Me ya sa sai 'yar sa-kai za a ce ta cika sharuɗɗa goma?

Malam Garba:
Saboda ana kallonta, Nura. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa, ana ɗauka ya fi sani ko da bai fi ba. In ya zauna gaban malami kurma yana koyo, sauran malamai za su ga ashe ba faɗuwa ba ce. In kuma ya zo yana gyara wa kowa hannu, ya ba su hujja. Akwai kuma maganar gurbi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu naƙasa ta 2006, a sashe na 24, ta ce ƙasashe su ɗauki malamai da suka ƙware a harshen hannu, har da malamai masu naƙasa. Makarantar da ta saba samun malami kyauta duk zango, yaushe za ta matsa a ɗauki kurman da ya gama kwaleji yana zaune ba aiki? Wannan tambaya ce da 'yata ya kamata ta yi musu kai tsaye.

Malam Isa:
Baba ya taɓo inda ke mini ciwo. Ina da abokai kurame masu takardar malanta da suke zaune.

Kuma Malam Nura, akwai labarin da nake so ka riƙe. A Nikaragua, a 1977, aka buɗe makaranta a Managua aka tara yara kurame da a da kowa yana gidansu shi kaɗai. Malamai suka duƙufa koya musu Sifaniyanci da karatun leɓe, abin bai tafi ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka riƙa haɗa alamun da kowa ya zo da su, ƙananan da suka biyo baya suka ɗauka suka gyara suka sa masa ƙa'ida, har ya zama cikakken harshe. Malaman ba su ma gane abin da ke faruwa a gabansu ba sai da aka kira masana harshe a shekarun 1980. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, babbar dukiyar makarantar kurame yaran ne da junansu, da manyan kurame da ke kusa da su. Malami mai ji, ɗan gida ko baƙo, aikinsa ya shiga wannan da'ira da ladabi, ya kawo lissafi da kimiyya da karatu a cikin harshen da ya tarar.

Binta:
Wasu ƙananan abubuwa kafin in manta, Yaya Hauwa'u. Kujeru a jera su kamar rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Kada ki tsaya taga tana bayanki, fuskarki za ta yi duhu. Kada ki yi bayani kina rubutu a allo, kuma in kin nuna hoto ki ba su lokaci su kalla kafin ki ci gaba, ido ba ya kallon wuri biyu. In za ki kira hankalin aji, kashe fitila ki kunna, ko ki buga ƙafa in daɓen katako ne, ko ki sa na kusa ya taɓa na kusa a kafaɗa. Kada a jefi yaro da alli, kada a kama haɓarsa a juyo da fuskarsa.

Sai babban abu. Yara kurame sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi, domin mai cutar da su ya san da wuya su iya kai ƙara a gane. Ranar da kika iya harshensu, wata yarinya za ta iya gaya miki abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ki san tun kafin ki sauka wa ake kai wa irin wannan rahoto, a makaranta da wajenta. Kuma ƙungiyar da ba ta nemi takardar shaidar 'yan sanda a kanki ba kafin ta haɗa ki da yara a makarantar kwana, ki yi shakkar ta. Haka hotuna: yaran ba kayan tallan tafiyarki ba ne, kada ki sa fuskokinsu a Facebook ba da izinin iyaye ba.

Sadiya:
Ni tambayata ta takardu ce, don ni ma ina da sha'awa. Wace hanya ake bi, kuma wace biza ake shiga da ita?

Malam Garba:
Hanyoyi suna da yawa. Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka, ta daɗe tana tura malaman kurame Kenya, amma 'yan Amurka kawai take ɗauka. VSO, ƙungiyar 'yan sa-kai da aka kafa a Ingila a 1958, tana ɗaukar ƙwararru daga ƙasashe daban-daban. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata shirin 'yan sa-kai. Najeriya ma tun 1987 tana da shirin tura ƙwararrunta ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Biza kuwa, kada ki yarda a ce ki shiga da ta yawon buɗe ido ki yi aiki. Ƙasashe da yawa aikin sa-kai ma sai da izini, kuma in an kama, ke za a tuhuma. Ki nemi komai a rubuce: masauki, inshorar lafiya, tikitin dawowa, da wanda za ki kira in abu ya faru. Wanda ya ce ki biya kuɗi mai yawa don ki yi mako biyu da yara, wannan kasuwanci yake yi.

Hauwa'u:
Na rasa bakin godiya. Na zauna na rubuta wa ƙungiyar tambayoyi daga abin da kuka faɗa: malamai kurame nawa ne a makarantar, wa zai koya mini harshen Uganda kuma za a biya shi, aji za a ba ni ko taimako zan yi, wa ya riƙe gurbin kafin ni kuma wa zai riƙe bayana, akwai mai gwajin ji da ke zuwa, akwai shiri da iyaye, kuma ƙungiyar kurame ta ƙasar ta san da aikin. Maganar shekara biyu sai na zauna da maigida da iyayena, ba abin da zan yanke ni kaɗai ba ne. In bai yiwu ba, zan nemi zango ɗayan a kan sharaɗin Binta, ba tare da aji ba.

Nura:
Allah ya zaɓa mafi alheri. Ni dai fatana kada tambayoyin su yi yawa har tafiyar ta fasu, yaran suna can suna jira.

Malam Isa:
Malama ƙara guda ɗaya a jerin. Ki ce kina son kiran bidiyo da makarantar kafin ki sa hannu, kuma ki roƙi a sa malami kurma a kiran, ba shugaba da tafinta kawai ba. Ki gaishe shi da hannu, ki bari ya ga iyakar abin da kika iya, ki tambaye shi da kansa me yake so baƙuwa ta zo ta yi. Ki lura ko shugaban yana yi masa magana kai tsaye ko sai ta tafinta. In sun ce babu kurman da zai zauna a kiran, ki dawo nan ki gaya mana kafin ki ba su amsa.